Madubin da Ba Ya Son Wuta

Tun da na dawo ban sha shayi cikin natsuwa a Mpape ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso ya ce, to Malam Ya'u, yaya ƙasar Faransa? Na gaya musu Kwatano na je, ba Faransa ba, amma ba su daina ba. Alhaji Sabo mai kanti ya ji labarin sau uku, kuma duk lokacin da zai ba wani sai ya ƙara abin da ban faɗa ba, har ta kai ana cewa wai an ɗaure ni a boda. Ba a ɗaure ni ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Zan fara da dalilin tafiyar, ko da yake ba abin alfahari ba ne.

Aikina a ƙaramin asibitin ma'aikata shi ne tsabtace kayan aikin likita, su almakashi da hantsaki da allurai. In wanke su, in jera a tukunyar tururi, in rufe, in jira. Mahaifina wanzami ne a Bakori, kuma ban taɓa ganin ya kai aska jikin mutum ba sai ya gitta ta a wuta. Da wannan na tashi. A wurina abin da bai ji wuta ba bai tsarkaka ba.

A shekarar da gwamnati ta shiga kwaso kayanta daga Ikko zuwa Abuja, kusan kullum sai an sauke mana akwatuna. Wata Talata aka sauke kwali cike da robobin fitsari da bututun numfashi, irin masu laushin nan da ban taɓa aiki da su ba. Na yi musu abin da nake yi wa sauran kaya. Bayan rabin awa na buɗe tukunya, na tarar sun zama abu ɗaya a dunƙule, kamar taliyar da aka manta a kan murhu. Sista Rifkatu, shugabar masu jinya, ta ɗaga dunƙulen da hantsaki ta zaga da shi ɗaki-ɗaki tana nuna wa mutane. Da yamma ta gaya wa Likita a gabana cewa a mayar da ni wajen wanki, tunda zanin gado ba ya narkewa.

Ba zan tsawaita a nan ba. Matata Rabi ta rasu wata biyar kafin wannan. Ɗakin tukunyar nan ne kaɗai inda nake iya yini ba wanda ya tambaye ni yaya haƙuri. Wajen wanki kuwa fili ne, mata tara ke aiki a wurin, kuma duk sun san ta.

Likita bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce akwai wani madubi na leƙa mafitsara da ya rage a tsohon asibitinmu na Ikko, guda ɗaya ne tak. A cikinsa akwai ƙananan gilasai da aka manne da gam, in ya ji zafi ya makance ke nan. Kuma ranar Litinin ta sama za a yi wa wani babban oga aiki da shi. Wanda ya san yadda ake tsabtace shi wani tsoho ne, Baba Dosu, wanda ya ƙi biyo ma'aikata Abuja. Ya ce ba zai zauna garin da babu teku ba, ya ajiye aiki ya koma garinsu Kwatano. Likita ya ce in bi motar da za ta kwaso fayil-fayil, in karɓi madubin, in kai wa tsohon ya koya mini. In na dawo da hanya mai kyau, ɗakina yana nan. In ba haka ba, maganar Sista ta zauna.

Direban motar Bulus ne, mutumin Orozo, mai yawan magana da mota fiye da mutane. Da muka biya Apo aka ɗaure salansa da waya, ya shafa sitiyari ya ce mini, “Motar nan, Malam, shi ba ya son gaggawa. In ka matsa masa, zai kwanta.” Ba mu matsa ba. Har akuya ta taɓa wuce mu a hawan wani tudu.

Mu muna gangarawa kudu babu kaya, ɗaya hannun kuwa motoci ne jere suna hawowa da gwamnati a bayansu: kabad-kabad, tafireta, kujeru ƙafa a sama. Bayan Gwagwalada na ga wani akawu zaune a kujerarsa ta ofis can bisa kaya, rungume da agogon bango, fuska a murtuke, kamar yana jiran masinja ya kawo masa fayil. Bulus ya ɗaga masa hannu, bai amsa ba. Bulus ya ce ai lokacin aiki ne.

A Lakwaja muka ci kifi. Na roƙi matar ta rage mini barkono, ta ce to, ta ƙara cokali ɗaya. A Badun aka kawo mini tuwo baƙi, na mayar na ce ya ƙone. Duk rumfar aka yi dariya, aka ce amala ke nan, haka Allah ya yi shi. Na ci, kuma ban ga laifinsa ba. A nan ne na ga saurayi da kwat da taye ya kwanta rub da ciki a gefen titi don ya gaida wata tsohuwa. A wurinmu durƙuso ya isa. Na tsaya ina tunanin wanda zai wanke kwat ɗin, sai na lura tun da Sista ta yi maganarta, duk abin da na gani wankinsa nake fara hangowa.

Tsohon asibitin na Ikko an kwashe shi tas. Mai kula da sito a kan bokiti na same shi, don kujerarsa ta riga shi tafiya Abuja. Ya ba ni wani siririn akwati mai jan ƙyalle a ciki, ga madubin kwance, ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Aka ce lodin fayil zai ci kwana biyu. Bulus ya ce shi bai taɓa zuwa ƙasar waje ba, kuma ba zai bar ni in riga shi ba. Muka shiga tasi zuwa boda.

To, ga abin da ya faru a boda, don Alhaji Sabo ya huta. Wani kwastan ya buɗe akwatin, ya zaro madubin, ya sa a ido ya leƙa abokinsa. Abin ya ba shi sha'awa, ya kira saura. Ɗaya ya ce na bindiga ne. Wani ya ce a'a, ya taɓa ganin irinsa a hannun masu kiɗan coci, ya karɓa ya sa a baki ya busa. Bai yi ƙara ba, ya sake busawa da ƙarfi. Ni dai ina tsaye, hannuna a ƙarƙashin nasa ko zai saki. Sai babbansu ya tambaye ni amfanin abin. Na zaɓi kalmomina, na ce na maza ne masu wahalar fitsari, likita yana leƙawa da shi.

Ya ce, “Ta ina?”

Bulus ne ya nuna.

Aka mayar da madubin akwati da yatsa biyu. Wanda ya busa ya zagaya bayan rumfa, muna jin yana kurkure baki har aka buga mana hatimi.

Kwatano garin babura ne. Man fetur a kwalabe ake jera shi bakin titi, launinsa kamar zuma, sai da na riƙe hannun Bulus kada ya ɗanɗana. Muka sauka a Zango wajen wani mai masauki, jikan Kanawa ne amma can aka haife shi, Hausarsa rabi Faransanci. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, da kofi a cikin kwano. Na nemi kofin sha, aka ce ai shi ne a gabana. Abin da ya fi ba ni mamaki, da sha biyu ta wuce sai kowa ya rufe ya tafi barci sai uku. Mun isa ƙaramin asibitin da Baba Dosu ke taimakawa da sha biyu da rabi, maigadi ya buɗe ido ɗaya ya ɗaga mana yatsa uku ya mayar da idon. Bulus ya tambaye ni ko gwamnati tana yi wa direba canjin aiki zuwa ƙasar nan.

Kafin ukun muka zaga kasuwa. Na ga wata atamfa mai ganye-ganye shuɗi, har na sa an sauko da ita ina murza bakinta. Sai na tuna ba wadda zan kai wa. Na ba mai ita haƙuri muka wuce.

Baba Dosu gajere ne, kansa fari fat, ya zauna Sabon Garin Kano yana saurayi, saboda haka Hausa a bakinsa take. Na ba shi labarin robobin, ban ɓoye komai ba, har da sana'ar mahaifina. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma a shekararsa ta farko ya dafa abin rufe hanci na masu tiyata, ya fito kamar ƙosai. Daga nan bai sake kirana da sunana ba, sai ɗan wanzami.

Ya fara kai ni wani babban asibiti wajen abokinsa, ya nuna mini na'ura kamar firij wadda ke aiki da iskar gas. Ya ce wannan babu ƙwayar cutar da ke tsira, kuma ba ta taɓa roba ko gilashi. Amma gas ɗin guba ne, kayan da suka fito sai an bar su sun daɗe suna shan iska kafin su taɓa mutum, kuma na'urar ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki. Ya tambayi yadda wutar lantarki take a Abuja. Bulus ya yi dariyar da ta sa aka leƙo daga ɗakin da ke kusa. Muka bar maganar gas a nan.

Da muka koma sai ya ɗauko gwangwani mai murfi, a ciki fararen ƙwayoyi. Ya ce fomalin ne, ɗan'uwan ruwan da ake sa wa gawa don kada ta lalace. Ana rufe kaya da ƙwayoyin a akwatin da iska ba ta shiga, a bar su yini da kwana. Ya ɗaga murfin kaɗan, warin ya doki hancina har ƙeya. Gaskiya nan take na ji na yarda da shi. Abin da ke da zafi haka, na ce a raina, ai ɗan'uwan wuta ne.

Sai ya kawo galan na wani ruwa fari kamar na famfo. Sunansa ya fi ƙarfin bakina, a takarda ya rubuta mini, ni dai ruwan jiƙo nake ce masa. Ya juye wata 'yar kwalba a ciki, ruwan ya koma kore. Ya sa safar hannu ya nuna mini a kan madubinmu: a fara wanke shi da sabulu da ɗan buroshi, don ruwan ba ya ratsa datti. A nutsar da shi duka, a tura ruwan cikin bututun har kumfar iska ta daina fitowa. Abin da zai taɓa baki kawai, minti ashirin. Abin da zai shiga inda jini zai fito, awa goma cur. Sannan a ɗauraye sau uku. Bayan mako biyu a zubar da ruwan a haɗa sabo, ko da yana nan kore shar.

Na taɓa gefen farantin da ruwan ke ciki, sanyi ƙalau. Ya ga fuskata.

Ya ce, “Wutarka tana nan, ɗan wanzami. Ruwan ɗauraya za ka tafasa ya huce. Madubin dai ka ƙyale shi.”

Na roƙe shi ya zaɓa mini, ya ƙi. Ya ce shi bai san Abuja ba, bai san ɗakina ba, kuma ba shi zai tsaya gaban Likita ba. Ya ba ni gwangwanin ƙwayoyin, ya ce ruwan kuma in nuna takardar Likita a babban sito na Ikko za a ba ni. Na karɓi duka biyun, amma a zuciyata na riga na zaɓi ƙwayoyin.

A hanyar dawowa mu uku ne a gaban mota, har da wani akawu mai rakiyar fayil. Fayil ɗin gwamnati ba su kaɗai suka taso ba, sun taho da kyankyasansu, kuma tun daga Badun kyankyasan suka fara zagayowa gaba. A Okene na sauka yin sallar azahar. Bulus ya ga fararen ƙwayoyi a gwangwani, ya ɗauka irin na kafur ne da ake sakawa a akwatin tufafi, ya ɗebi cikin hannu ya watsa ƙarƙashin kujera. Bai gaya wa kowa ba. Muna tashi ruwan sama ya sauko, aka ɗaga gilasai.

Akawu ne ya fara jan hanci. Sai Bulus ya shiga share ido da gwiwar hannu yana cewa hanyar nan shi yana da hayaƙi. Kafin mil biyar mu uku hawaye muke yi shaɓe-shaɓe, ba mai kallon wani. A haka muka iso shingen 'yan sanda. Wani saje mai furfura ya matso cikin rigar ruwa, Bulus ya sauke gilashi kaɗan. Sajen ya shaƙi warin, da alama ya san shi daga ɗakin ajiye gawa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya cire hularsa a cikin ruwan. Ya tsaya a kaina, wataƙila don hawayena sun fi yawa.

Ya ce, “Wa ya rasu, Malam?”

Na ce, “Matata.”

Ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ni haƙuri. Na ce amin. Ya ɗaga katakon shingen da kansa.

Da muka sha kwana Bulus ya tsaya ya faɗi gaskiya. Muka buɗe ƙofofi, ya share ƙwayoyin da tsintsiya cikin ruwan sama, akawu yana zaginsa da Turanci. Kyankyasan kuwa ko gezau. Su biyun idonsu ya bushe cikin kwatan awa. Nawa sai da muka wuce Kotonkarfe. Sai can Bulus ya ce ga alama maganin ya fi taruwa a gefena.

A wannan hanyar na canza shawara. Ƙwayoyi kaɗan sun yi wa ƙarti uku haka, alhali ko taɓa su ba mu yi ba. To ina ga abin da ya maƙale a siririn bututu ya shiga jikin mutum? Ɗakina kuma taga ɗaya gare shi. Na ga ashe ba don sun fi tsabtacewa na zaɓi ƙwayoyin ba, don sun fi ciwo ne.

Ranar Litinin na wanke madubin, na nutsar da shi a ruwan jiƙo da ƙarfe bakwai daidai, na rufe farantin, na manna filasta a murfin na rubuta bakwai zuwa biyar. Na gaya wa Likita abin da na zaɓa da dalilina. Ya saurara har ƙarshe, ya ce sai mun gani, ya shiga ɗakin tiyata da wani mara lafiya.

Ashe ba wanda ya sanar da ofishin oga cewa sai biyar. Da sha ɗaya sai ga shi da mota biyu, bai karya ba tun asuba kamar yadda aka umarce shi. Mai riƙe masa jaka ya shigo ɗakina ba sallama, ya ce oga na jira. Na ce sai biyar. Ya ce a Ikko minti ashirin ake yi. Na ce wannan aikin akwai yanka a ciki, saboda haka sai biyar. Ya ce ko na san wanda ke zaune a waje? Ya miƙa hannu zai ɗaga murfin.

Farantin a kan gajeren tebur yake. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, na dai ga na zauna a kai.

A haka oga da kansa ya same ni, babban mutum cikin babbar riga, yana tafiya a hankali irin ta mai ciwon. Ya tambaya ko ni ne na hana. Na so in tashi in gaishe shi, na ga in na tashi an gama. Na gaishe shi daga zaune.

Na ce, “Ranka ya daɗe, awa huɗu ya yi, saura shida. Jikinka zai shiga. In da jikina ne ma, sai biyar.”

Sai na ji takun Sista Rifkatu a baranda. Na ce a raina shi ke nan. Ta shigo ta dubi oga, ta dubi mai jaka, ta dube ni. Ta sa na ɗaga cinya ta karanta filastar, ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta.

Ta ce, “Malam Ya'u, sauka. Za ka lotsa murfin.”

Ta jawo kujera ta ajiye a gaban teburin ta ce in zauna nan. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta cika ta, ta yi wa oga dogon Turanci. Kalmar biyar kaɗai na tsinta, amma ta fito sau uku. Oga ya tambaya ko zai iya shan koko kafin lokacin, ta ce a'a. Ya koma benci. Awa shida ya yi a wurin, ya karance duk takardun da ke bango, har da ta shayar da jarirai.

Da biyar ta buga na sa safar hannu, na ciro madubin, na ɗauraye shi sau uku da ruwan da na tafasa tun safe. Likita ya karɓa ya ɗaga shi wajen taga ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sai ya ce yana ganin lebura a kan ginin sakatariya, har da abin da ke cikin kwanonsa. Aka shiga da oga. Kafin magariba an gama lafiya, aka ba shi kokonsa.

Ina goge teburi Sista ta leƙo. Ba ta ce na yi daidai ba, ba halinta ba ne. Ta ce ranar Alhamis akwai wani mai irin wannan ciwon, kuma ƙarfe huɗu Likita yake so a shiga. Ta tsaya tana kallona har na gama ƙirga da yatsu. Na ce to, sai in zo da shida na safe.

Ta ce, “Shida saura kwata. Sai ka wanke shi tukuna.”